Taubashi, Mabuɗin Nan Ba Laya Ba Ne

Gaisuwa ba dole ba ce tsakanina da kai, amma tunda a jarida ne, kuma mutanen kirki na karantawa, to, ina wuni, ɗan kawuna. Watan cika-ciki ya kama, ka kuma san abin da ke kanka. Fatun layya sun shigo, an barbaɗa musu gishiri, motar Kano ta kwashe, kuɗi sun iso hannu. Don haka kada in aiko yaro karɓar kuɗin shara ka sallame shi da "kasuwa ta yi sanyi". Tun ranar da mabuɗin shagon nan ya zo hannunka kasuwarka ke sanyi, a garin da zafinsa ke haura awo 40 a watan Afrilu. Ya kamata masana yanayi su zo su duba ka.

Kullum kana ce mini bawa don ni ɗan mace ne. Na ji, na karɓa. Sai dai bawa ma yana da ido, yana ganin abin da ubangidansa ke yi da dukiyar gida, balle in rabon uwarsa na ciki.

Bari in gaya wa masu karatu yadda shagon yake, kada su ce ƙage nake yi maka. Benci ne na katako a ƙofa, ƙafarsa ɗaya ta gaji tun zamanin Kawu an tokare ta da bulo. Rediyo a gefe, buta a ƙarƙashi. A sama an rataye tim-tim da rana ta cinye jansu har sun koma ruwan ƙasa, ga gafaka, ga alabe, ga kuben wuƙa, ga takalma samfurin da rabon a gan shi a ƙafar saurayi tun mulkin Shagari. Can ciki fatu ne a jibge, warin gishiri da na jima suna kokawa. Kai kuma kana tsakiya, mabuɗi ɗaure da tsirkiyar fata a ƙugu, daidai inda wasu ke ɗaura guru. Duk wanda ya zo da shawara, yaro ko babba, amsa ɗaya ce: "Ba haka munka ishe Baba na yi ba." In an matsa, ka ƙara da cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

To, wane Baban? Ni ma na san shi, shi ya saya mini allona na fari. Kawu, Allah ya jiƙansa, shi ya jinginar da fadamar gidan ya kama shagon nan a lokacin da dangi ke cewa ya zare, ai dukanci a zaure ake yinsa. Shi ya fara haɗa kuɗi da abokansa su ɗauki shatar mota zuwa Kano, maimakon su zauna jiran dillali ya zo ya taya yadda ya ga dama. Kafin shi ga Kakanmu, wanda ya ajiye basilla yana saurayi, ya bi kasuwannin ƙauye da jaki ɗaya yana sayen ɗanyar fata, yau Achida, jibi Illela, har ya kai ga kai kaya Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa ta tsaya tun 1929. Inna ta ce ba sau ɗaya ba ruwa ya doke shi a hanya, fatu suka ruɓe, ya dawo gida daga shi sai jakin. Ya kwana biyu, ya nemi rance, ya sake fita. Su ke nan mutanen da kake rantsuwa da su. Ka gaji bencinsu, zuciyar kuwa ka bar ta a maƙabarta.

Sana'ar ma kanta ba a zaune ta yi suna ba. Jar akuyar nan da ke cin kwali a bakin shagonka, fatar kakanninta ta ga duniya fiye da kai. Majema su jiƙa ta da toka, su kankare gashin, su jeme da bagaruwa, a rina da karan dafi, fatake su ɗora wa raƙuma su keta Sahara da ita. Turawa suka yi ta yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko, don ta can gefen take isa gare su. Baturen Jamus ɗin nan, Barth, da ya shigo kasuwar Sakkwato a 1853, kayan fata na cikin abin da ya ja idonsa. Wasu kuma suka nufi Gwanja, ayari guda daga Jega ko nan birni, da kanwa da tufafi da gabu da kayan dukawa, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu inda 'yan fashi ke dako, su kai Salaga su juyo da goro. Tafiyar kan cinye watanni, wani lokaci shekara. Goro kuwa ba ya son wasa, sai ana kwance shi ana yayyafa ruwa ana tsince mai ƙwari, in ba haka ba ka iso gida da itace.

Amma ka lura, ba mahaukata ba ne. Ba mai fita shi kaɗai. Akwai madugu, akwai jagaba da ke gaba yana duba zango, akwai kuɗin da aka ware tun daga gida don fito da gaisuwar sarakunan hanya. Mai dukiya kuma ba ya ɗora duk abin da ya mallaka a kan jaki ɗaya, ko a hannun yaro ɗaya. Ƙiradi suke yi, wanda ni da kai muka karanta babinsa a Risala a zaure ɗaya, kai kana gyangyaɗi: wani ya ba da jari, wani ya ba da ƙafa da gumi, a yanke yadda za a raba riba tun kafin a tashi, in hasara ta zo ba da sakaci ba, ta faɗa kan jarin, mai aiki kuma ya tashi a wahalar banza. Kowa ya san abin da ya sa, kowa ya san abin da zai iya rasawa.

Tunda ka raina 'ya'yan mata, bari in tuna maka da wani. Alhassan Ɗantata ya taso a Bebeji, ya yi fataucin goro a Gwanja, ya kuma shiga sahun farko na waɗanda suka bar bin ayari ta tudu suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, ya juya kan gyaɗa. Har yau ana ba da labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai banki a 1929. Ya rasu a 1955 ya bar kamfani tsayayye mai suna da takardu, 'ya'yansa suka ci gaba da shi. To, a duk zuriyar nan, wa duniya ta fi sani yau? Ɗan mace. Aliko, ɗan Hajiya Mariya 'yar Sanusi Ɗantata. A 1977, yana ɗan shekara 20, dangin uwarsa suka ba shi rancen jari, ba su ce ya tafi gidan ubansa ya nema ba. Ga shi a 2023 an ƙaddamar da matatarsa ta Lekki mai tace ganga 650,000 a rana. Ni ban ce ka gina mini matata ba. Ina dai nuna maka abin da ke faruwa in gidan kawu ya san darajar ɗan mace.

In Legas ta yi maka nisa, hau babur ka je Kalambaina. Masana'antar simintin nan tun 1962 aka kafa ta, zamanin Sardauna, ta fara aiki a 1967, ta yi shekaru tana tafiya da ɗingishi, ta wuce daga hannu zuwa hannu. Wanda ya karɓe ta wajen 2010, Abdussamad ne, ɗan Khalifa Isyaka Rabi'u na Kano. Shi ma yaron gida ne. Yana ɗan shekara 24 nauyin harkokin mahaifinsa ya faɗo kansa, lokacin da gwamnatin soja ta tsare dattijon a 1984. Ya riƙe, sannan a 1988 ya kafa nasa, BUA. Ya buɗe sabon sashe a Kalambaina a 2018, ya ƙara wani mai tan miliyan 3 a 2022. Dutsen da ake yin simintin da shi na nan ƙarƙashin ƙafarmu tun kafin a gina ganuwar birni. Bakano ya zo ya haƙa, ya ƙona, ya zuba a buhu, kai kuma ka saya ka yi wa shagonka daɓe, kana tsaki wai ya yi tsada.

Na san abin da za ka ce: su manya ne, gwamnati na sauraronsu, banki na buɗe musu ƙofar baya. Da gaskiyarka, kuma ba kowace kasadarsu ce ta haifa ba. Masana'antar tumatirin Kadawa da aka buɗe a 2016 ta sha tsayawa don babu tumatirin da za ta niƙa. To bar su, ga tsaranka, baduku ɗan'uwanka. A 1837 wani mai ɗinkin linzami da kayan doki ya buɗe shago a Paris, sunansa Hermès. Da mota ta fito, doki ya fara zama abin ado, jikokinsa ba su zauna suna cewa ba haka suka iske ba. Suka ɗauki ɗinkin sirdin nan suka mayar kan jakar hannu. Har gobe zuriyarsa ke riƙe da kamfanin, kuma kuɗin jakarsu ɗaya sai ya saye shagonka da kai da rediyon. Fatun da kake turawa Kano kuwa, daga majemun Challawa da Sharaɗa da yawansu Italiya da Sifen suke nufa, a yanka su a can, a ɗinka, a liƙa suna. Mu gishiri kawai muka sa.

Da a ce tsoro ne kaɗai ciwonka, da na ƙyale ka, don matsoraci ma yakan tsufa da jarinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kai matsoraci ne a bainar jama'a, ɗan caca a ɓoye.

Ko ka manta albasa? Shekarar da wani abokin shan shayinka ya raɗa maka cewa albasa ita ce zinariyar zamani. Ba ka gaya wa kowa ba, ka kwashi kuɗin da aka ware don fatun layya, ka bi Kware da Wurno lokacin da ake cire ta tana arha, da niyyar ka ɓoye sai bayan damina ta yi tsada. Lissafin daidai ne, da shi masu albasa ke gina gidaje. Sai dai su a rudu suke ajiye ta, an ɗaga daga ƙasa, kara da ciyawa ta ko'ina iska na ratsawa, kuma kowane 'yan kwanaki sai an shiga an juya, an tsince wadda ta fara laushi kafin ta shafi 'yan'uwanta. Kai kuma ka jibge taka a ɗakin kwano na bayan gida, ka garƙame, ka ƙara mabuɗin a ƙugu. Kafin ruwan fari ya sauka maƙwabta sun riga ka sanin halin da ake ciki. Ruwa baƙi ya riƙa biyo ƙarƙashin ƙyaure, yara suka sauya hanyar makarantar allo, ƙudajen unguwa uku suka yi maka mubaya'a. Da aka tambaye ka, ka ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, taubashi, mun yi imani da ita. Amma ɗakin kwano kai ka zaɓe shi.

Su masu abin ma, da suka san ta ciki da bai, ba su tsira ba. Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 ya ci dukiyarsu, rufe iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020 ya tsayar da motoci a Illela, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Wannan ita ce gonar da ka faɗa da ƙafa biyu, da kuɗin mutane, a kan maganar mai shayi.

Sai canjin kuɗi. Da Babban Banki ya ce a Oktoban 2022 za a sauya takardun naira, muka ga abin mamaki a watan Janairu: mai kasuwar sanyi ya fito da jakar bakko cike, ya bi layin banki tun asuba. Kuɗin sun kwana da fata har sun ɗauki warinta, na kusa da kai a layi suna ja da baya. Ranar ce Inna, gwaggonka, ta san shagon gidansu bai mutu ba. Waɗanda suka rage kuma, da ka sake tarawa ka mayar akwati, me suka zama? Dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba a Mayun 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Gishiri ya bi ta, zare da gam suka bi ta, kuɗin mota zuwa Kano ya riga su gaba tun da aka cire tallafin mai. Ka ƙirga takardunka sun cika cif, ba ɓarawon da ya taɓa su, amma rabin abin da za su saya ya tafi. Zaman da kake kira tsira ke nan.

Gobarar babbar kasuwa ta ranar 19 ga Janairun 2021 kuwa, wadda ta cinye dubban shaguna, Allah ya kiyaye ba ta iso gefenka ba. Ka je jaje, ka ga dattawa na tona toka da sanda, ka ji waɗanda ake binsu bashin kayan da suka ƙone, da waɗanda su ke bin bashi amma shaidar ta tafi da wutar. Ka dawo ka yi ta salati. Washegari aka ce ka raba kaya wuri biyu, ka ce haya. Aka ce ga takaful, inshorar da malamai suka yarda da ita, ka ce "abin 'yan boko na." Aka ce ko littafi ka saya a riƙa rubuta shiga da fita, ka nuna kanka da yatsa, wai duk yana nan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kai kuma ka fi ƙarfin biro. Aljihu ɗaya ne: cinikin yau, cefanen gida, kuɗin makarantar yara, gudummawar suna, har lefen amaryar da aka ce kana nema. Shi ya sa in an tambaye ka ribar bara sai ka ce "alhamdu lillahi", don ita kaɗai ce amsar da ba ta buƙatar lissafi.

Mai shagon kansa in ya so ya kwana kan benci har Mahadi ya bayyana, ba ruwan kowa. Kai kuwa ba naka ba ne kai kaɗai. Tun rasuwar Kaka ba a raba gadon nan ba, aka ce a bar shi dunƙule don albarka. Rabon Inna na ciki. Tumunin iyayenmu matan Kawu na ciki. Na ƙannenka mata da ke gidajen aure na ciki, su da ba su gani sai turmin atamfa da salla da kwanon gero da azumi, su yi godiya kamar kyauta aka yi musu. Tsoronka a kansu yake ƙarewa, cacarka ma a kansu, ba kuma wanda aka taɓa yi wa shawara.

Ban ce nauyin ba shi da yawa ba, kada ka ce ban yi maka adalci ba. Bakuna nawa ke ci daga ƙofar nan? In ka gwada sabon abu ya faɗi, har jikoki sai sun ji cewa kai ka karya gidan. In ya ci, a ce albarkar Baba ce. Wanda aka sa a wannan matsayi dole ya ji tsoron motsi a gaban mutane, in kuma kwaɗayin ci gaba ya taso masa, sai ya yi a ɓoye, inda ba mai ce masa albasa na son iska. Ba kai kaɗai ba ne, rabin masu riƙe da mabuɗin gado a kasuwar nan haka suke. Ƙarshenta kuma sananne ne: ranar da mai mabuɗi ya kwanta dama, a taru gaban alƙali, a sayar da shagon ga baƙo, kowa ya kama ɗan abin da ba zai isa jari ba. Ba mu kaɗai ba ma. Gidan Gucci na Italiya, da ya fara da shagon fata a 1921, rigimar 'ya'ya da jikoki ta ci shi, kafin ƙarshen 1993 ba ɗan gidan ko ɗaya da ya rage da hannu a ciki.

Abin dariyar, gwanar kasada tana cikin gidanku ba ka sani ba. Gwaggonka ba ta taɓa zama a shago ba, amma je ka ga tsarinta. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na kawo na yau da gobe. Adashi na tara na gobe da jibi. Awaki biyu a gida, wasu a ƙauye wurin mai kiwo, in sun haihu a raba, in annoba ta shiga garke ɗaya ɗayan na nan. Ba ta iya boko ba, amma da ɗigon gawayi a bango za ta gaya maka wanda ya ci bashin ƙuli tun kaka. Sau da yawa ta gwada abu ya ƙi, turaren wuta ya ƙi, ƙanƙara ta ƙi saboda rashin wutar lantarki, ba wanda ya kwana da yunwa, don ba ta taɓa sa abin da in ya tafi tukunya za ta sauka ba.

Sai ƙaninka, autan Kawu. Yaro ya gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya zo maka da waya a hannu. Ya ce a je shiyar Madunka a ba masu hannu aiki, a rage girman tim-tim, a yi jakar kwamfuta da ta mata da jar fatar nan, ya ɗauki hoto ya sa a Instagram da WhatsApp, mutanen Abuja da Legas su saya a aika musu ta tasha. Bai nemi shagon ba, fatu kaɗan ya nema da kuɗin ɗinki. Ka dube shi sama da ƙasa ka ce, "Mi kas sani ga fata?" Yanzu yana bakin titi ƙarƙashin lema da na'urar POS, yana cire wa mutane dubu biyar yana karɓar ɗari. Jikan mai jakin Ƙauran Namoda ke nan. Abin da ka hana shi bai kai kuɗin buhu goma na albasar da ƙudaje suka ci ba.

Wataƙila jakunkunan su ƙi sayuwa. Wataƙila mutanen Abuja su karɓi kaya su kashe waya. To sai me? A yanki abin da in ya tafi tuwo ba zai tsaya ba, a ba shi ƙiradi, a rubuta, a sa shaidu, a yanke masa wa'adi, kowa a gidan ya san an yi. In ya faɗi, faɗuwar ta kowa ce, ba mai zagin wani. In ya ci, ka ga ka samu wanda za ka miƙa wa mabuɗi da hannunka, ba a kwance shi daga ƙugunka ba.

Kada ka ce zan jira amsarka. Na riga na karanta wa Inna wannan takarda kafin in kai ta jarida, ta saurara har ƙarshe, ta ce in goge wurin lefe, na ƙi. Ta ce a gaya maka jarin yaron daga rabonta za a cire, saboda haka sai an san rabon nawa ne. Za ta zo gidan ranar Juma'a bayan an sauko, da malamin da ya iya lissafin gado, da ƙannenka mata duka. Ni zan riƙo mata jaka, aikin bawa ne. Ta kuma ce kada ka wahalar da iyali da girki, in dai da albasa za a yi.